Madubin Gefe

Direba ya yi rabin rayuwarsa a bayan sitiyarin babbar bas, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce ya taɓa goge wa wata mota fenti ba. Amma a jefa shi cikin ruwa, sai a sha kallo. Shi a ganinsa ya iya ninkaya tun yana yaro. Abin da yake yi kuwa, ya ɗaga kai sama, ya zaro ido, ya yi ta jibgar ruwa da hannuwa kamar mai kashe gobara da tabarma, ƙafafu can ƙasa ana jan su. Ruwa ya tashi, jama'a su watse, shi kuma yana nan kusa da inda ya fara.

Wannan bai taɓa damunsa ba sai ranar da ya raka Autarsa gidan wasanni, inda take koyon ninkaya. Da zaman jira ya ishe shi, sai ya faɗa layin gefe don ya ɗan motsa jiki. Ƙawayen Auta suna zaune a bakin tafkin, suka kama dariya har da riƙe ciki, ɗaya ta tambaya wai wancan baban wa ne. Auta ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta, ba ta ce uffan ba. Direba ya ji tambayar, ya kuma ji shirun. Illar ninkaya da kai a sama ke nan, ba abin da ke wuce kunnenka.

Bayan kwana biyu matarsa ta ba shi labari a kicin, tana dariya har ludayi ya suɓuce mata. Wai za a yi ranar iyalai a gidan wasannin, da tseren yaro da babba: yaro ya ƙetare tafki ya taɓa bango, babban nasa ya ɗora daga nan. Auta ta zo mata a ɓoye tana roƙon a yi wa Kawu magana ya shigar mata. Direba ya taya ta dariyar, har ya fi ta ƙarfi, amma abin ya soke shi a ƙirji. Ba kofi yake so ba, ba tafi ba. So yake a sake yin waccan tambayar, Auta ta amsa.

Washegari da ya sauke fasinjojin safe, ya nufi wurin Koci. Koci tsohon gwanin ninkaya ne, siriri, mai furfura, da usur a wuya, kuma zakarun da suka fito daga hannunsa ba su ƙirguwa. Ya ce Direba ya shiga ya nuna abin da ya iya. Direba ya nuna da iyakar ƙarfinsa. Koci ya share ruwan da ya fantsamo masa a fuska, ya matse gefen rigarsa, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji amsa sai ya gyaɗa kai.

“Shi ya sa. Hanya kake kallo, Malam Direba. Babu wanda zai tsallaka maka titi a nan.”

Ya yi masa bayani cewa a ninkayar rub da ciki, irin wadda ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, duk sanda kai ya tashi sai ƙugu ya nutse. Dole fuska ta shiga ruwa. Direba ya ce sam, shi a tarbiyyarsa mutum ba ya tafiya gaba idonsa na kallon ƙasa. Sai da Koci ya ɗaura masa tabaron ruwa, ya nuna masa baƙin layin da aka shata a ƙasan tafkin, ya ce ga titinsa nan, ya bi shi kawai. Direba ya leƙa, ya ga layin ɗoɗar, ba rami ba kwana. Ya ɗago yana washe baki, ya ce rabonsa da ganin hanya mai kyau haka har ya manta.

Daga nan abu ya kankama. Ya koyi busa iska a cikin ruwa. Ya koyi kaɗa ƙafa daga ƙugu, ba daga gwiwa ba. Ya koyi miƙa hannu can gaba ya kamo ruwa ya tura shi baya, maimakon marinsa. Murna ta hana shi zama wuri ɗaya. A gida ya cika baho yana tsoma fuska, a kan gado ya yi rub da ciki yana jefa hannuwa har ya kwaɗe fitilar gefen gado. Matarsa ta ce in abin ya kai haka ya gaya mata tun da wuri, ta soma kwana da lema.

Numfashi ne ya gagara. Da iska ta ƙare masa, sai kan nan ya tashi tsaye, ido ya koma kan hanya, ƙafafu su yi ƙasa. Koci ya ce ya juya kai gefe, ya ɗaga. Ya ce ya kwantar da kunne a kan dantse, ya ɗaga. Ya riƙe masa ƙeya da hannu, Direba ya ɗaga har da hannun. Ranar iyalai tana matsowa, ga shi ya riga ya gaya wa Auta a bar Kawu ya huta, ta ce “To, Baba” da muryar wadda aka miƙa wa magani mai ɗaci.

Wata rana da safe Direba yana tuƙi, sai ya hango furfurar Koci a kujerar bayansa. Ya gaishe shi ya tambayi inda za shi, Koci ya ce ba ko'ina. Haka ya zauna har ƙarshen layi ya dawo, bai kalli taga ba, ƙeyar Direba kawai yake kallo. Da suka haɗu a tafki, Koci bai ɗauko zancen numfashi ba, sai ya ce:

“Nuna mini yadda kake duba madubin gefe.”

Direba ya nuna: haɓa ta ɗan karkata dama, ido ya ɗauki abin da zai ɗauka, fuska ta koma. Ko daƙiƙa ba a yi ba, kuma kansa bai tashi ba.

“To shi ke nan. Madubinka yana bakin ruwa. Duba shi, ka ɗebi iska, ka koma kan titi.”

Direba ya gwada, iska ta shiga, ƙafafu suka tsaya a sama. Ya sake, ta sake shiga. Bai ankara ba sai ji ya yi hannunsa ya bugi bango. Ya tsaya yana waige-waige, yana neman wanda ya matso da bangon. A ranar fasinjojin yamma sun sha mamaki, don duk sanda direbansu ya duba madubi sai ya ja numfashi da ƙarfi, har wata tsohuwa ta miƙo masa ruwa tana yi masa sannu.

Ranar tsere gidan wasanni ya cika. Auta ta ƙetaro da saurinta ta taɓa bango, Direba ya faɗa ruwa da ciki, tim, don wannan kam ko Koci ya haƙura da gyara ta. Aka yi dariya, ya ji ta kafin kunnensa ya nutse. Amma ga baƙin layi, sai ya bi shi. Hannu, hannu, madubi. Jikinsa ya miƙe, ruwa ya soma ba shi hanya.

A madubi na gaba ya ga ƙananan ƙafafu jiƙaƙƙu suna gudu a bakin tafkin, daidai da shi. Kunnensa ya kamo guntun murya kafin ruwa ya rufe shi. Ya sake dubawa, ya kamo wani guntun. Auta ce, tana jan hannun ƙawar nan tata, tana nuna shi, tana faɗin wani abu da ƙarfi. Direba ya manta da duk ƙa'idar da aka koya masa, ya koma duba madubi a kowane jefa hannu, yana tsintar maganar guntu-guntu har ta haɗu. Daɗi ya kama shi a tsakiyar ruwa, ya bushe da dariya, ya kwankwaɗi ruwa son ransa. Kai ya tashi, hannuwa suka koma tsohon jibga, alƙalin tsere ya jiƙe sharkaf, Koci ya dafe kai da hannu biyu.

Kusan na ƙarshe ya iso. Ya ɗora haɓa a bakin tafkin yana tari, hanci na zuba, ido ja. Auta ta durƙusa a gabansa tana haki, har yanzu ba ta saki hannun ƙawar ba. Ya kalle ta, ya karkata kai, ya bubbuga kunnen da ya ji komai sarai.

“Me kike ta faɗa ne, Auta? Ruwa ya toshe mini kunne.”

“Cewa nake Babana ne.”

Ya juyo mata ɗaya kunnen, ya ce wannan ma bai ji ba.