Makin Malam Shitu

Ranar Litinin, 4 ga Oktoba, 2010, malaman firamare goma sha tara daga Rano da Kibiya suka hallara a ɗakin horo da ke bayan tsohuwar makarantarmu ta Rano. Kwamfutoci shida aka kawo, amma ɗaya ce kawai ta yarda ta tashi. Ina cikin kwamitin kula da ɗakin tun bayan da na ajiye aikin sufeton makarantu, saboda haka a gabana aka yi abin da zan faɗa.

Wata ƙungiya ce daga Kano ta shirya kwas ɗin, ta kuma turo injiniyanta, Tajuddeen, ya yi bayani. Ya ce abu biyu ne. Akwai darussa, waɗanda wani kamfani ya tsara a wata ƙasa. Akwai kuma manhajar da ke riƙe sunayen ɗalibai da makinsu, wadda wani kamfanin dabam ya ƙera. Masu aikin ba su taɓa ganin juna ba, amma duk sun bi ƙa'ida guda mai suna SCORM. Manhaja ta faɗa wa darasi sunan wanda ya shiga, darasi ya mayar mata da labarin ko ya gama da makin da ya ci. Na gane nan take. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, taragon da aka yi wa lodi a Ikko yake ƙarasowa ba a sauke shi a hanya ba, domin faɗin layin dogo ɗaya ne. Sai dai dogo bai taɓa tambayar wane ne a cikin tarago ba.

Tajuddeen ya ba kowa lambar sirrinsa, ya koma Kano.

A cikin malaman akwai Halima Sadiya, ƙaramarsu, wadda aka yi wa alkawarin shugabancin firamaren Tarai muddin ta kawo shaidar wannan kwas kafin ƙarshen Disamba. Akwai kuma Malam Shitu, babbansu, wanda ya koyar da fiye da rabinsu tun suna ajin farko, har da ita.

"Malam, a buɗe mana," in ji Mukhtar, malamin lissafi daga Fammar.

Malam Shitu ya yi addu'a, ya buga lambarsa da yatsa ɗaya. Rubutu ya fito: Barka da zuwa, Malam Shitu.

"Kai jama'a! Har na'urar ma ta san manya," in ji Mukhtar. Aka yi dariya.

Dattijon ya koma benci kusa da taga da rediyonsa. Mukhtar ya zauna zai fara, sai Halima Sadiya ta ce a hankali, "Yaya Mukhtar, injiniya fa ya ce kowa ya cire sunan da ya tarar, ya sa nasa."

"To bismilla, zo ki cire. Ga shi can zaune yana kallonki. Ko ba shi ya koya miki abacada ba?"

Ba ta tashi ba. Haka aka yi har kwas ya ƙare: Malam ya buɗe, sauran su biyo baya bisa shekaru, ita ce ta ƙarshe. Manhajar kuwa makin wanda ya gwada a ƙarshe take ajiyewa, da sunan wanda ya buɗe.

A watan Nuwamba sakamako ya iso. Mutum ɗaya ne ya yi kwas a Rano, ya ci casa'in da shida cikin ɗari. Sauran ko leƙowa ba su yi ba. Ƙungiyar ta yi murna da samun dattijo mai irin wannan basira, ta naɗa Malam Shitu jagoran horo na yankin.

Na kira Tajuddeen a waya na ce na'urarsa ta yi kuskure.

"Wallahi Baba, ba ta yi ba," in ji shi. "A ko'ina ban ga inda darasi da manhaja suka fahimci juna kamar a Rano ba."

Duk da haka ya amince a sake jarrabawa rana ɗaya, a ƙarƙashin kulawar jagoran horo.

Halima Sadiya ce kaɗai ta zo, don ita ce ke jiran shaidar. Ta tarar Malam Shitu ya riga ta, ya share kujera da gefen rigarsa.

"'Yata, zo ki zauna. Na ji abin da ya same ku, ban ji daɗi ba. Yau da kaina na buɗe miki, har addu'a na ƙara."

Ta dubi fuskar kwamfutar. Barka da zuwa, Malam Shitu. Wurin cire suna yana can sama a dama. Dannawa ɗaya ce. Malam ya jawo bencinsa daf da ita, ya kashe rediyo don kada ya dame ta.

"Malam, ba za ka ɗan sha iska ba?"

"Ina! Ai yau ba inda za ni sai kin gama."

Hannunta ya je sama, ya tsaya, ya sauko. Ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya ƙara girma." Ta fara amsa tambayoyi.

A watan Janairun 2011 aka ba wani Sagiru, wanda ya yi nasa kwas ɗin a Kano, shugabancin firamaren Tarai. Makin Malam Shitu ya tashi daga casa'in da shida zuwa ɗari.