Ranar da Baba Likita Ya Sulale Daga Gida

"Ta da motar mana, kafin 'yar nan ta fito daga wanka."

Mai tasi ya kalli tsohon da ya riga ya haye kujerar gaba, hula a karkace, yana haki yana dariya. Baba Likita ne, maƙwabcinsa, tsohon likitan dabbobi. Asibiti sun ce zuciyarsa ta gaji, 'yarsa Anti kuwa ta hana shi ko leƙa ƙofar gida.

"Baba, in Anti ta ji, ɗanye za ta cinye ni."

"Ka ce sato ka na yi. Jami'a za mu. Yau ake taron waɗanda suka ci tallafin hazaƙa, ni kuwa da ni aka fara."

A hanya bakin tsohon bai rufu ba. Ya ce wata mai sayar da yadi ce ta kafa abin, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ta bar wa jami'a shagunanta, ta ce duk yaron da ya yi zarra a jarrabawa a koyar da shi, a ba shi ɗaki da abinci da littattafai, kada a tambayi ɗan waye.

"Ubana makiyayi ne. Da ya ji an ɗauke ni sai ya ce, 'To wa zai riƙe min shanun?' Na ce zan dawo in yi musu magani. Na kuwa dawo."

Zauren taron ya cika maƙil. Wani tsoho a keken marasa lafiya ya hango shi, ya ɗaga murya, "Kai, ashe kana nan?"

"Ina jiran ka fara tafiya," in ji Baba Likita. Ashe ɗaki ɗaya suka zauna suna ɗalibai. Suka rungumi juna har hula ta faɗi.

Da aka miƙa masa abin magana bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ɗan makiyayi ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi. 'Yar tela, suka tashi. Ɗan direba. Mai tasi na tsaye bakin ƙofa, ya ga hannaye birjik, har da na 'yan mata. Ya tuna da 'yarsa da ke sakandare, ya shiga tafi har tafinsa ya yi zafi.

Sun dawo suka tarar da Anti a bakin ƙofa. Ta kama hannun ubanta suka shige.

A makon nan Baba Likita ya rasu, da hantsi, a zaune kan kujerarsa. Mai tasi ya zauna wajen gaisuwa kansa a sunkuye, har aka ce Anti na kiransa. Ya tashi ya shiga.

"Maƙwabci," ta ce, idanunta jajir, "tun da kuka dawo yake ba ni labari. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Na gode."

Da la'asar motar jami'a ta tsaya a layin, ɗalibai suka yi ta sauka. Mai tasi ya shimfiɗa musu tabarmi. Takalmansu suka yi jere daga bakin zaure har gindin bishiyar da ke tsallaken titi.