Ishaya a Makon Ayuba

Monica na tsaye gaban matan Zumunta tana bayani a kan Annabi Ishaya, murya na rawa kamar gaske, sai ta hango hannun Hansatu a sama. Ta kau da kai. Yau Asabar ce ranar zaɓen shugabar Zumuntar Mata a cocinsu na Durumi, kujerar da ta yi shekara uku tana hari, ba za ta bar mai ƙosan tashar Utako ta katse mata hanzari ba.

A watan Janairu su talatin da biyu suka yi alkawarin sauke Littafi Mai Tsarki cikin shekara. Aka manna jadawali a bango, aka buɗe zaure a WhatsApp. Monica ta bi Farawa da Fitowa, tana shiga Littafin Firistoci ta ajiye. Wa zai zauna ƙirga ƙodar rago da kitsenta? Amma ma'aikaciyar ofis guda ba ta cewa ta gaza a gaban masu wankau. Sai ta koma kwafar tsokacin da wata abokiyar aikinta ke samu daga nasu cocin da Turanci, ta mayar da Hausa, ta tura kowace safiya. Matan su yi ta jero mata "Amin, Mama" kamar 'yan amshin Shata. Ta raina su matuƙa, duk da haka ranar da amin ɗin ya yi ƙaranci ba ta jin daɗin abinci.

Hannun Hansatu bai sauka ba. Dole Christina, sakatariya, ta ba ta dama.

"Mama Monica, ki yi haƙuri, ni ban yi boko ba," in ji Hansatu. "A waya nake ji ana karantawa ina suya. Ni wannan makon Ayuba nake ji. Abokansa ukun nan, sun zauna kwana bakwai shiru, da suka buɗe baki sai suka ɓata komai. To ina Ishaya ya shigo? Tun Maris abin da kike turowa daban, abin da nake ji daban."

Monica ta saci kallon bango, ga shi kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro: Ayuba. Ashe cocin abokiyar aikinta wani jadawali suke bi. Ta sunkuyar da kai tana jiran dariya.

Babu wadda ta yi dariya. Wata ta shiga gyara ɗankwali, wata ta hau laluben jaka. Nan Monica ta gane cewa duk wadda ta ce Hansatu na da gaskiya ta tona kanta, don wata biyar ke nan tana cewa amin a kan abin da ba ta buɗe ba. Ita da su duk kanwar ja ce.

"Haba Sista Hansatu," Christina ta ce da tsaki, "this your phone ne ya yi confusing ɗinki. Ke za ki gyara wa Mama?"

Sai ɗakin ya samu baki. Aka yi ta "gaskiya ne", aka ɗaga hannu, Monica ta ci zaɓe babu hamayya.

A bakin ƙofa Hansatu ta tare ta, ta rusuna, hannunta na ƙamshin man gyaɗa.

"Mama, kunya ta kama ni. Ashe ni ce na ɓata hanya tun tuni. Don Allah ki saita min inda kuke, in bi sahu."

Monica ta karɓi wayar. Fuskar wayar ta tsage, amma rubutun na fitowa sarai: Ayuba, sura ta sha tara, daidai da jadawalin ranar. Matan na wucewa suna yi mata barka, Christina na tsaye tana kallo. Ta danna, ta gangara, ta ajiye shi a kan Ishaya, ta miƙa mata.

"Na gode, Mama," in ji Hansatu. "Ubangiji ya ƙara sani."