Farin Dokin Ƙasimu

Da Ƙasimu ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, sai ya tashi da sabon tarihi a bakinsa. Kullum bayan azahar yana zaune a falonsu na unguwar Harra ta Gabas a Madina, ya ƙura wa talabijin ido, yana kallon tsofaffin finafinan kaboyi masu magana da Larabci: maza masu malafa, dawakai, garin masu haƙar zinariya mai titi ɗaya tal. Duk baƙon da ya zo dubiya, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna masa.

"Haka muka zauna a Mahd. Dokina fari ne. Ranar da 'yan fashi suka shigo, ni na tare su a bakin rami."

Matarsa Bara'atu takan ajiye shayi ta fice. Ita ma ta zauna a Mahd, garin zinariya da ke can kudu da Madina, shekara biyar tun tana amarya. Ƙasimu mai gasa wa ma'aikata burodi ne. Ko jaki ba ta taɓa ganin ya hau ba. Abin da ta sani a garin shi ne jiran tankar ruwa, da wankin da ba ya fita, da tarin maza da asuba, da shirun da ke sa mace ta riƙa hira da tukunya.

Ta kai ƙara wurin Dokta Badamasi, Bakanon likitan da ke duba shi.

"Hajiya, ki ƙyale Baba da dokinsa," in ji likitan. "Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin abin da ya zube."

"To ni ina nake a cikin labarin, Dokta? Ya share shekara biyar ɗina ya sa doki."

Likitan ya ce in da hali su kai shi ya ga wurin.

'Yarsu Wafa ce ta ja motar ranar Asabar da safe. Bara'atu na baya tare da Ƙasimu. Baƙaƙen duwatsu sun shimfiɗu hagu da dama har iyakar gani, zafi na rawa a kan kwalta kamar ruwa. Gyangyaɗi ya riƙa fizgar ta. Can ta ga wasu mahaya suna bin motar daga nesa, ƙura na tashi a bayansu, na gaba a kan farin doki. Ta murtsuke ido. Raƙuma ne guda uku suna kiwo.

"Ummi, kin yi magana?" Wafa ta tambaya da Larabci.

"Kalli hanyarki."

Garin ya girma, ya yi shaguna da fitilun titi, ba ta gane komai ba. Sai da suka tambayi wani dattijo mai sayar da dabino kafin ya kwatanta musu inda tsoffin gidajen ma'aikata suke. Babu abin da ya saura sai daɓen siminti jere-jere, da wata ƙaya da ta tsiro a tsakiya, da dutse ja yana kallonsu.

Suka fito da Ƙasimu daga mota, ya dogara da sanda. Iska na kaɗa farar taguwarsa. Bara'atu ta shirya jin inda aka ɗaure doki, ta ma shirya amsar da za ta ba shi. Amma sai ya nufi jerin daɓen. Ya taka a hankali, ya wuce daɓe ɗaya, ya wuce na biyu, ya tsaya a na uku.

"Bara'a," ya ce. Rabonsa da kiran ta haka tun kafin a haifi Wafa. "Nan kika tsaya ranar ruwan sama."

"Wane ruwa, Malam?"

"Shekararmu ta biyu. Hadari ya taso daga bayan dutsen can da hantsi. Na bar kullu a cikin tanda na rugo gida don shanyarki. Na tarar ba ki kwashe ba. Kina tsaye babu takalmi, kin buɗe baki sama, mayafinki shuɗi ya manne miki. Matan Sudan na leƙe ta taga suna dariya. Burodin nan ƙurmus ya ƙone, ma'aikata suka ci shinkafa."

Ta buɗe baki za ta ce wannan ma a talabijin ya gani. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso mata, a wurin da babu ko ɗigon ruwa. Ta ji sanyin daɓen a tafin ƙafarta. Ta tuna mayafin, uwarta ce ta saya mata a kasuwar bakin Harami. Shekara talatin da wani abu tana ba da labarin Mahd, ba ta taɓa faɗin wannan rana ba, don ta ɓace mata ɗungurungum.

"An yi haka, Ummi?" Wafa ta tambaya.

"An yi."

Wafa ta shimfiɗa darduma a inuwar motar, ta zuba musu gahawa. Ƙasimu ya kurɓa, idonsa a kan dutsen. Bara'atu ta cire takalminta ta ɗora ƙafa a kan simintin, duk da zafinsa.

"Da ka zo ka same ni, me ka ce?" ta tambaye shi. "Wannan na kasa tunawa."

Ya yi ta tunani har gahawar ta huce.

"Ban ce komai ba. Tsayawa na yi kusa da ke, ni ma na jiƙe."

Suka zauna a nan har la'asar, ita tana tambaya, shi yana lalubo amsa, wata ya samo, wata ta kufce masa. Da Wafa ta ce hanya da nisa, Bara'atu ta ce a ƙara musu ɗan lokaci, ta sake cika masa kofi.