Muryar Babur ɗin Baba Sunusi

"Ƙara huda shi," in ji Baba Sunusi. "Ka shaƙe masa wuya, Ɗayyabu. Cewa na yi ka rage masa murya, ban ce ka kashe shi ba."

Yana zaune a kan bencin rumfata ta walda, ya jingina da bango, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Karo na uku ke nan ina zaro ƙaramin bututun da na cusa a salansar babur ɗinsa. Aikin a baki ba wuya: ka samu bututun da zai shige cikin babban, ka huhhuda shi, ka naɗe shi da soson ƙarfe irin na wankin tukunya, ka tura ciki ka ɗaure da noti. Amma in hujin ya yi kaɗan inji ya shaƙe, fulogi ya yi baƙi. In ya yi yawa kuma ka yi aikin banza.

Gaskiya da haushi na fara aikin. Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya a Kafin Maiyaƙi, kuma ba shekarar da ban roƙe shi ya bar ni in yi masa wannan gyaran ba. Babur ɗin ya girme ni. Ya saye shi ne bayan ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinsu an taso su, kuma da shi yake ɗauko kifi daga bakin dam. Salansar asali ta ruɓe tuntuni, sai ya sa miƙaƙƙun bututu biyu da babu komai a cikinsu. In ya tayar da shi kaji su watse, jarirai su farka, mai shayin bakin layi ya fara Allah ya isa. Duk wanda ya yi masa magana amsa ɗaya yake samu: "Hindu ba ta gani."

Inna Hindu matarsa ce, idonta ya rufe tun ina saurayi. Da wannan ƙarar take sanin ya karyo kwanar kasuwa, sai ta tashi ta lalubo butar alwala ta tsaya masa a bakin zaure.

Yanzu kuwa an sallamo shi daga asibiti a Kano, ƙafafu a kumbure, ko hawa ba ya iyawa. Abdulhadi, ɗan ƙaninsa, shi ya turo babur ɗin har rumfa ya koma gona.

"Baba," na ce, "sai yanzu da ka daina hawa za ka ji tausayin kunnuwanmu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa ya damu da kunnuwanku? Na bar wa Abdulhadi babur ɗin nan, kuma ta layin nan zai riƙa wucewa da kifi. Ita kuwa shekara talatin ƙafarta ta saba, ba ta ma shawara da ita. Za ta ji, ta tashi, ta ɗauki buta, ta zo zaure. Ka gane? Kullum sai na sake mutuwa a wurinta."

Kunya ta kama ni, na sunkuya na ci gaba da huda ƙarfena.

Kwana biyu muka yi. A rana ta biyu, da injin ya daina shaƙewa, ya ce in matso masa da shi. Ya karɓi sukundireba, ya karkata kunne yana juya kusar kabireta a hankali har ƙarar ta daidaita, ta koma ɗan gurnani ƙasa-ƙasa.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ya zama babur ɗin kowa." Ya daɗe yana shafa tankin, kuma na ga abin ya yi masa ciwo. Ban taɓa ganin girman mutum ba kamar yadda na ga nasa a ranar. "Kada ka gaya mata."

Bayan kwana tara ya rasu, ran Talata da hantsi. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Abdulhadi ya fara zuwa dam bayan sadakar bakwai. Ranar na kasa zama a rumfa. Da la'asar ta yi na shiga gidan da sunan gaisuwa, na tsuguna daga bakin zaure. Inna Hindu tana kan tabarma da faranti a cinya, tana tsintar wake da yatsu. Muna cikin gaisawa babur ɗin ya karyo kwana, a hankali, kamar ba shi ba. Ya zo ya wuce ƙofar gida.

Hannunta ya tsaya.

"Ɗayyabu, aikinka ne wannan?"

"Wane aiki, Inna?"

"Kada ka yi mini ƙarya, ba ka iya ba. Kun toshe masa baki da kyau. Amma sarkar nan tana bugun murfinta, kas-kas. Da can sai Malam ya kashe inji ya gangaro ƙofar gida nake jin ta. Yanzu da kuka yi masa shiru, tun daga kwana na jiyo ta."

Da ƙyar na ce, "Gobe sai in ɗaure ta."

"A'a, bar ta." Ta juyo da fuskarta wajena. "Shi ya sa ka?"

"Shi ne, Inna."

"Shi ya sa ya yi kwana biyu a rumfarka da ƙafafun nan, yana ce mini iska yake sha." Ta girgiza kai, har da ɗan murmushi. "To, ai ka gani. Ban tashi ba."

Butar tana nan a gefen tabarma, cike da ruwa, daidai inda hannunta zai kai. Ta jawo farantin, ta ci gaba da tsintar wakenta.