Hoton 'Yan Kadawa

Luke yana durƙushe a gaban janareta, hannunsa baƙi ƙirin da mai, sai mai lasifika ya fara kiran jama'a su zo a ɗauki hoto.

Washegarin Sallah ce, kuma bana aka tara duk mai amsa sunan Kadawa a filin firamare. Asalin sunan ba wani abu ba ne: in yaro ya tafi makarantar kwana, malamai suka ga Usaini ya yi yawa a aji, sai kawai su liƙa masa sunan garinsu. To ga su yau sun dawo, wasu har da tumbi. Ga Dakta Kubra Kadawa, ga Suhaibu Kadawa direban tirela, ga alƙali, ga dillalin tumatir wanda shaddarsa ta fi ta alƙalin tsada.

Shi ma Luke haka ya samu sunan. Mahaifinsa daga Filato ya zo aikin haƙa kanal na noman rani, ya zauna, aka haifi Luke a nan. Sai dai yau bai san ko gayyatarsa aka yi ba, ko kuwa gyaran inji kawai aka kira shi. Abin da ya fi damunsa 'yarsa ce Stephanie, mai karatun jinya a Kano, wadda ta ci ado tana tsaye a gindin darbejiya. A makaranta an ce mata aron suna suka yi, har ta fara maganar za ta canza.

Ya goge hannu, ya yafito ta, suka nufi kujerun.

Bilya, wani matashi ma'aikacin banki a Abuja, shi ne mai tsara layi. Ya tare su da fara'a.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ɗan ba mu wuri kaɗan, wannan na 'yan gida ne."

Stephanie ta sunkuyar da kai.

"Kai, maigidana!" Iya Baraka ce, tsohuwar ungozomar garin, kakar Bilya, daga kujerar tsakiya. "Wa kake korar mini?"

"Iya, ba kora ba ce. 'Yan asali muke so."

"Ji mai asali! Kai da aka haifa a asibitin birni, ko ina aka jefar da cibiyarka oho. Wannan kuwa ni na yanke tasa, ni na binne ta a bayan gidan Tambaya, inda iyayensa suka sauka. Ta 'yarsa ma tana nan kusa da ita."

Wuri ya kaure da dariya. Suhaibu direba ya buga cinya yana cewa, "Luke ne fa! Tare muka sha bulala a kan satar rake!"

Iya ta daki ƙasa da sandarta. "Tunda asali ake nema, wanda cibiyarsa take ƙasar nan ya zauna a gaba. Sauran ku koma baya."

Alƙali ya tsaya yana lissafi, sannan ya tattara babbar rigarsa ya koma baya yana murmushi. Bilya ya kama hannun Luke, duk da baƙin man da ke jiki, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ban sani ba." Da kansa ya kai shi kujerar da ke daman Iya.

Luke ya dubi rigarsa ta aiki a tsakiyar shaddoji, kunya ta kama shi, ya yunƙura zai tashi ya je ya sauya.

Stephanie ta dafa kafaɗarsa ta mayar da shi.

"Zauna, Baba. Haka nake so su gan ka a makaranta."