Janar da Bokitin Baba

Janar ya daina tasowa. A da, ko inuwar mutum ce ta gifta ta gaban gilashin, sai ya taso a fusace, ya baza jar wutsiyarsa kamar an shanya sabon zane, ya tsaya yana harara. Yanzu kuwa yana can ƙasa a kan tsakuwa, ya kishingiɗa ta gefe ɗaya, fikafikansa a tsuke. Auta ta sa masa abinci da bakin farce. Ƙwayoyin suka yi ta yawo a saman ruwa har suka jiƙe, suka nutse kusa da bakinsa. Ko kallonsu bai yi ba.

Kifin na mahaifinta ne. Baba mai aski ne, shagonsa na layin kasuwa, jikin na wani tela. A kan kantar da yake jera almakashi da hoda ya ajiye ɗan akwatin gilashi wanda bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba, a ciki kuma kifi guda, irin masu faɗan nan da ba a haɗa biyu a ruwa ɗaya. Idan Baba ya gama wa mutum aski ya nuna masa ƙeyarsa a ƙaramin madubi, sai ya juya madubin wajen gilashin ya ce, "Janar, ga abokin gaba ya shigo gari!" Nan take kifin zai kumbura kumatu ya yi kan hotonsa. Yaran da ke kukan aski ma sai su manta da kukan.

Auta ba mai magana ba ce. Tun tana ƙarama, idan baƙo ya gaishe ta, ƙafarta take kallo. Aikinta goge-goge ne a asibiti, kuma hannunta ya riga ya saba: duk inda ta ga ƙura, tsumma ne ke fara gaisawa kafin bakinta. Ranar da ba ta da aiki takan je shagon Baba ta share gashi, ta wanke tawul, ta goge madubai, shi yana ta zuba da masu aski, ita ko uffan. Uwar Sabulu yake kiranta. Abu ɗaya ne ke haɗa su: wani shuɗin bokiti da yake ajiyewa a bayan ƙofa, cike da ruwa, ba marfi. A asibiti babu abin da Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ke nanata musu kamar ruwan da ya tsaya, wai gidan sauro ne, gidan cuta. Don haka duk zuwa sai Auta ta tuntsurar da shi a kwata, ta wanke bokitin ta kife.

"Haba Uwar Sabulu, ruwan nan barci yake fa, kin tashe shi," in ji Baba yana dariya.

Ita ma sai ta yi murmushi. Ta ɗauka cikin barkwancinsa ne, don mutumin da ke yi wa kifi sarautar soja ba abin da ba zai faɗa ba.

Ciwon Baba bai yi tsawo ba. Bayan an share makoki, yayyenta suka raba kujera da injinan aski, aka mayar wa mai gini shagonsa. Ba wanda ya kalli kifin. Auta ta rungumo akwatin zuwa ɗakin da suke zaune ita da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗora shi a kan teburin da ke gefen gadonta. Sai a lokacin ta kalle shi da idon aikinta. Kore-kore ya kama kusurwoyin gilashin, tsakuwar ƙasa kuwa santsi take yi a hannu. Hawaye suka zo mata. Ashe haka Baba ya gaji a ƙarshe, har bai iya wanke wa Janar ɗaki ba, ita kuma ba ta lura ba.

Ta kwashe kifin a kofi. Ta wanke gilashin da soso da sabulu har yana ƙara a ƙarƙashin yatsa, ta zuba wa tsakuwar tafasasshen ruwa ta cuɗe ta ɗaya bayan ɗaya, ta tara sabon ruwa daga famfo, garau, mai sanyi. Da ta mayar da shi, Janar ya yi ta zagaye da gudu yana gogar jikinsa da tsakuwa. Ta ce a ranta murna yake.

Daga nan ne ya fara sanyi. Jan jikinsa ya dusashe, ya koma kamar tufar da ta sha wanki. Auta kuwa abin da ta sani ke nan: idan mara lafiya ya kwanta, tsafta ake ƙara masa. A ɗakin da ciwo ya fi tsanani, a nan ake goge ƙasa safe da yamma. Sai ta mayar da wankin kullum. Kafin ta fita aiki ta wanke, wani lokaci idan ta dawo ta ga ya ƙara lafewa, ta sake.

"Ke 'yar nan, wannan kifi in da fata gare shi da kin saɓule ta," in ji Gwaggo, tana zaune bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa. "Ni da na shekara ina ciwon ƙafa ban samu rabin wannan jinyar ba."

"Ba ya ci, Gwaggo."

"To ya ci me? Kewa yake. Ni ma da nake mutum sai da na yi kwanaki abinci bai wuce mini ba. Kuma don Allah dube shi, duka-duka bai kai ɗan yatsa ba. Ko kyanwa aka ba ta sai ta ce a ƙaro."

Gwaggo ta dubi Auta, ta ga yadda ta dunƙule tsumma a hannu, sai ta sassauta murya. "Wasa nake, uwata. Allah ya ba shi lafiya. Ai shi kaɗai ya rage yana numfashi a kayan Yaya."

Abin da Auta ba ta iya faɗa ba ke nan, Gwaggo ta faɗa mata shi a cikin wasa. Rigunan Baba an bayar, ƙamshin hodarsa ya bar tawul tun wankin farko. Janar ne kaɗai ya san muryarsa, kuma shi ake wa hidima kamar yadda Baba yake yi. Idan ya tafi, ba sauran abin da za ta tashi ta yi wa Baba da safe.

Ranar da ta same shi a kishingiɗe, ta buɗe jakarta ta ciro ƙaramin madubin askin, wanda ta ɓoye kafin a raba kaya. Ta kara shi jikin gilashin. Ta waiga ta ga Gwaggo ta fita tsakar gida, sannan ta ce a hankali, "Janar, ga abokin gaba." Kifin ya motsa ido kawai.

Da ta tashi aiki da rana, maimakon ta hau motar gida, sai ƙafarta ta kai ta layin kasuwa, inda rabonta da shi tun rasuwar. An yi wa shagon Baba fenti, wani mai sayar da waya yana kafa kanta. Ta sunkuyar da kai za ta wuce, sai ta ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Wa nake gani kamar Uwar Sabulu? Za ki wuce ni ba gaisuwa? Lallai duniya ta ƙare."

Tela ne, aminin Baba, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ture tarin yadi daga benci ya ce ta zauna, ya tambayi Gwaggo da ƙafarta, sannan ya ce, "Ina mutumina Janar? Har yanzu yana yaƙi da kansa?"

"Ba shi da lafiya, Baba Tela. Ya kwanta. Kuma wallahi ina ƙoƙari, kullum sai na wanke masa wurin tas, na sa sabon ruwa."

Tela ya cire tabarau. "Kullum? Da me?"

"Da sabulu."

"Ruwan fa?"

"Na famfo. Mai kyau, yanzu-yanzu nake tara shi."

Ya daɗe yana murza ido da bayan hannu. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar mai warware ɗinkin da ya karkace. Ya ce ruwan famfo akwai maganin da ake zuba masa don mutane, mu ba ya mana komai, amma shi kifi ƙona shi yake. Shi ya sa Baba yake tara ruwa ya bar shi a buɗe ya kwana, ya wuni, har warin ya fita. Kuma bai taɓa juye akwatin gaba ɗaya ba. Kofi ɗaya yake ɗiba ya zubar, ya mayar da kofi ɗaya. Sabulu kuwa ko a hannunsa ne sai ya ɗauraye sosai kafin ya taɓa. Wannan koren da santsin tsakuwar, Baba yakan ce su ne katifar Janar.

Auta ta dubi hannayenta, fatar yatsun duk ta yi fari da wanki.

"Amma ai ni nake zubar masa da bokitin," ta ce. "Duk zuwa. Bai taɓa hana ni ba."

"Ina fa zai hana ki." Tela ya sunkuya ya ɗage labulen da ke ƙarƙashin teburin yanka. Wani bokiti ne a wurin, kore, an ɗaure bakinsa da ƙyallen raga. "Ga na gaskiyan nan. Wancan na bayan ƙofa ya bar miki shi ne. Na ce masa, kai dai ka faɗa wa yarinyar nan mana, ta huta ka huta. Ya ce a'a. Ya ce, 'Auta ba ta iya zuwa hira ba, wanki ta iya zuwa. In na fara ce mata bar wannan, bar wancan, kunya za ta ji, ta daina zuwa. Gara ta zubar mini da teku.'"

Mai sayar da waya yana ta buga ƙusa a bangon da madubin Baba yake a da. Auta ta sa gefen mayafinta a baki ta cije.

"Shi ya tara wannan da hannunsa, ana gobe zai kwanta," in ji Tela. "Na kasa zubarwa. Ɗauki ki tafi da shi. Kada ki juye masa gaba ɗaya, kin ji ko, kaɗan-kaɗan. Allah ya sa a dace, 'yata. Rashin sani ne, ya fi dare duhu."

Ruwan ya ƙafe ya koma rabi, duk da haka ba ta yarda ta hau mota da shi ba, kada a girgiza ya zube. Da ƙafa ta tafi, tana sauya hannu, tana kauce wa masu babur. Wani ɗan dako ya ce, "Hajiya, famfon unguwarku ne ya mutu?" Ta ci gaba da tafiyarta.

Ta tarar da shi yana numfashi. Ta ɗauraye hannunta da ruwa zalla har sau ba adadi, ta ɗebi kofi ɗaya daga akwatin ta zubar, ta tsiyaya na Baba a hankali ta jikin gilashi. Ta jira. Ta sake. Gwaggo ta leƙo za ta yi magana, ta ga koren bokitin, ta ga fuskar Auta, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

Wajen la'asar Janar ya motsa. Ya miƙe daga kishingiɗen, ya yunƙura, ya taso a karkace har saman ruwa, ya buɗe baki ya ja iska. Gwaggo ta dafa ƙirji ta ce, "Kin gani! Soja ne fa!" Ya ɗan tsaya a can sama, wutsiyarsa ta buɗe kaɗan, har jan ya nuna. Sannan ya sulale ƙasa kamar ganye. Kafin rana ta faɗi kumatunsa suka daina motsi.

Auta ta naɗe shi a tsohon ƙyallen goge tabarau na Baba, ta tona gindin shukar da ke bakin taga ta sa shi. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, bokitin a tsakanin ƙafafunta, ta sa tafin hannu a cikin sauran ruwan ta bar shi a nan.

Da safe Gwaggo tana shara ta iso bayan ƙofa, ta tarar da koren bokitin a wurin, an mayar masa da ragarsa.

"Wannan fa? In zuba wa shukar, ko in kai kwata? Ke ce kullum mai faɗan sauro."

Auta tana ɗaura takalmin aiki. Akwatin gilashin yana nan a kan tebur, da ruwansa da tsakuwarsa, ba ta taɓa shi ba.

"Bar shi, Gwaggo," ta ce. "Ki share gefensa kawai."

Gwaggo ta zagaye shi da tsintsiya. Auta ta ɗauki jakarta ta fita.